Manhajar Aro Mai Wa'adi da Haƙƙin Bayar da Shaida a Kanta

Sharhin na yau zai mayar da hankali ne kan wata al'ada da ta samu gindin zama a tsakanin kamfanonin da ke ƙera manhajojin zane, wato shirye-shiryen kwamfuta waɗanda injiniyoyi da masu zana taswirar gine-gine da masu tsara fasalin littattafai da fastoci suke aiki da su. Al'adar ita ce kamfani ya saki manhajar da bai gama ƙerawa ba, ya ba jama'a aronta kyauta zuwa wani wa'adi, sannan ya roƙe su su gaya masa abin da suka gani a cikinta, mai daɗi da marar daɗi, kuma da zarar ranar da aka ɗiba ta cika sai manhajar ta ƙi buɗewa. Mutane da dama suna kallon wa'adin a matsayin rowa ko tarkon kasuwanci, suna kuma kallon neman ra'ayin a matsayin cika ƙa'ida kawai, alhali idan aka duba da kyau za a ga cewa lamarin ciniki ne tsakanin ɓangarori biyu, inda kamfani yake bayar da aron kayan aiki, mai amfani kuma yake biya da shaidar abin da ya gani, kuma cinikin ba ya yin albarka sai kowane ɓangare ya sauke nauyin da ke kansa.

Kafin a yi nisa, ya kamata a bambance tsakanin abubuwa biyu da akan cakuɗa su saboda dukansu suna da wa'adi. Na farko shi ne gwajin talla, inda kamfani yake ba mutum cikakkiyar manhajar da tuni ta shiga kasuwa domin ya ɗanɗana ta na kwana 30 ko ƙasa da haka, da fatan idan ta yi masa daɗi zai biya kuɗi ya ci gaba, kuma a wannan yanayi mai saye ne yake gwada kaya kamar yadda mai sayen babur yake zagayawa da shi kafin ya ƙirga kuɗi. Na biyu, wanda shi ne batun wannan sharhi, shi ne gwajin bincike, inda su kansu maƙeran ba su gama sanin abin da suka ƙera ba, ba su tabbatar zai yi amfani ba, ba su ma yanke shawarar ko za su sayar da shi ba, don haka abin da suke nema daga jama'a shi ne ilimin da ba za su taɓa samu a cikin ofishinsu ba.

Masu wannan sana'a suna da sunayen da suke kiran matakan gwaji da su, waɗanda suka aro daga haruffan farko na Girkanci. Matakin alfa shi ne gwajin cikin gida, wanda ma'aikatan kamfani suke yi tun manhaja tana ɗanya, matakin beta kuwa shi ne lokacin da ake miƙa ta ga mutanen waje bayan ta fara tsayawa da ƙafafunta, kuma ana danganta asalin wannan rabe-rabe da tsarin gwaje-gwajen kamfanin IBM na Amurka. Tsawon waɗannan matakai ya bambanta ƙwarai, domin manhajar wasiƙu ta Gmail da aka buɗe a watan Afrilun 2004 ta ci gaba da ɗaukar tambarin beta har zuwa watan Yulin 2009, yayin da kamfanin Microsoft ya buɗe shirinsa na Windows Insider a watan Oktoban 2014 ya kuma fitar da Windows 10 a watan Yulin 2015, bayan jama'a sun shafe watanni suna gwada zubi iri-iri da kowannensu yake da ranar ƙarewarsa.

A fagen zane, misalin da ya fi fito da wannan al'ada fili shi ne na kamfanin Autodesk na jihar Kalifoniya, wanda aka kafa a shekarar 1982, kuma shi ne mai manhajar AutoCAD da ta zama ruwan dare a ofisoshin injiniyoyi da azuzuwan koyon zanen gini a faɗin duniya. Kamfanin ya ware wani sashe mai suna Autodesk Labs domin fitar da dabarun da suke matakin tsiro, kuma kusan kowace dabara da aka saki ta wannan hanya ta riƙa zuwa ne da ranar da za ta daina aiki. A shekarar 2010 sashen ya fitar da Project Butterfly, wadda ta ba mutum damar buɗe taswira da gyara ta ta intanet ba tare da ya girka babbar manhaja a kwamfutarsa ba, kuma kafin shekarar ta ƙare ta zama haja mai suna AutoCAD WS. Haka nan ya fitar da Project Photofly, wadda take haɗa hotunan da aka ɗauka daga kusurwoyi daban-daban ta fitar da siffar abu mai tsawo da faɗi da kauri, kuma a 2011 ta koma 123D Catch. A wurin amfani ne ake gane halin irin wannan dabara, domin wanda ya zagaya gini yana ɗaukarsa hoto bayan hoto zai lura cewa bango mai zane da ado, irin na tsofaffin gidajen Zariya ko na unguwar Birni a Damagaram, yana fitowa sarai saboda manhajar tana samun alamomin da za ta riƙe daga wannan hoto zuwa wancan, amma gilashi mai ƙyalli ko farin bango sumul yakan ruɗa ta.

Wani misalin da ya cancanci a tsaya a kansa shi ne Inventor Fusion, wadda aka saki don gwaji a shekarar 2009 domin sasanta wata tsohuwar taƙaddama tsakanin hanyoyi biyu na zana sassan inji. Hanya ta farko tana ajiye tarihin aiki, ma'ana manhaja tana tuna kowane mataki da injiniya ya bi, cewa ya fara zana da'ira, ya ja ta ta zama sanda, ya huda rami a tsakiya, ta yadda idan ya koma ya sauya faɗin da'irar sai sauran matakan su bi sahu da kansu, sai dai idan matakan suka yi yawa sauyi guda yana iya rushe aikin gaba ɗaya. Hanya ta biyu kuwa ba ta damu da tarihi ba, mutum yana kama gefen abu ne kawai ya tura ko ya ja, kamar yadda maginin tukwane yake sarrafa yumɓu, wanda hakan ya fi sauri amma yana rasa ƙa'idojin da suka ɗaure sassan da juna. Tambayar ko za a iya haɗa su biyun a wuri guda ba ta da amsa a kan takarda, sai injiniyoyi sun sa hannu da ayyukansu na gaske, kuma daga wannan gwaji ne aka share fagen manhajar Fusion 360 da ta fito a 2013.

Ba kowane gwaji ne yake ƙarewa da shiga kasuwa ba, kuma wannan ma darasi ne da ya kamata mai sauraro ya riƙe. Project Vasari, wadda aka gina a kan manhajar Revit domin taimaka wa masu zanen gini su auna yadda rana za ta doki gini da yadda iska za ta ratsa shi tun ana matakin zanen farko, ta shafe shekaru ana sabunta wa'adinta, amma a 2015 aka rufe ta, wasu daga cikin dabarunta suka koma cikin sauran manhajojin kamfanin. Ita ma 123D Catch, duk da cewa ta tsallake matakin gwaji, an janye ta tare da sauran manhajojin 123D a 2017. Saboda haka makomar manhajar gwaji ba ta wuce uku: ko ta zama haja mai zaman kanta, ko a narkar da ita cikin wata, ko a ajiye ta gaba ɗaya.

Da wannan ake iya fahimtar hikimar wa'adi. Dalili na farko shi ne tsaftace shaida, domin idan aka bar tsofaffin zubi suna yawo a hannun jama'a, maƙera za su ci gaba da karɓar ƙorafi kan kurakuran da suka gyara watanni da suka wuce, su ɓata lokaci suna bin sawun abin da babu shi, amma idan tsohon zubi ya mutu da kansa sai kowa ya koma kan sabo, bakin masu gwaji ya zama ɗaya. Dalili na biyu shi ne kariya, domin manhajar da ba a gama tantancewa ba tana iya yin kuskuren lissafi, kuma kuskure a lissafin nauyin da ginshiƙi zai ɗauka ya wuce a kira shi ƙaramar tangarɗa, don haka wa'adin yana hana ta zama abin dogaro na dindindin a ofishin da ake zana gidajen da mutane za su kwana a ciki. Dalili na uku shi ne tsarin ajiyar fayil, wanda yakan sauya daga zubi zuwa zubi yayin da ake ƙara sabbin abubuwa. Dalili na huɗu na kasuwanci ne, kuma babu amfanin ɓoye shi, domin kamfanin da ya kashe kuɗi wajen bincike ba zai so kyautar da ya bayar ta kashe masa kasuwar abin da zai sayar gobe ba. Na biyar, wanda ba a cika ambata ba, shi ne cewa wa'adin yana ɗaure kamfanin da kansa, domin duk lokacin da ranar ta matso tilas ne shugabanni su zauna su yanke hukunci ko za a sabunta, ko a kammala, ko a haƙura. Wannan tunani ya zama ƙa'ida a wurare da yawa, har ma tsarin TestFlight na kamfanin Apple, wanda masu ƙera manhajojin waya suke rarraba gwaji ta cikinsa, yana kashe kowane zubi bayan kwana 90.

Abin da wannan yake nufi ga mai amfani shi ne abin da Hausawa suka daɗe da faɗa, cewa kayan aro ba ya rufe katara. Wanda ya ɗora kwangilar mutane kacokan a kan manhajar gwaji, ya ajiye aikin wata uku a cikin nau'in fayil da ita kaɗai take iya buɗewa, ya jefa kansa cikin haɗarin wayar gari da taswirar da yake gani a kwamfuta amma ba ya iya taɓa ta. Hanyar tsira ita ce a rubuta ranar ƙarewar tun ranar da aka girka manhajar, a yi gwaji da kwafin aiki a bar asalin a wuri amintacce, sannan a riƙa fitar da aikin cikin nau'o'in fayil da manhajoji da yawa suke karantawa, irin su DXF ga taswira, da STEP ga sassan inji, da IFC ga bayanan gini, da PDF ga abin da za a buga. Dabarar da wasu suke yi ta mayar da agogon kwamfuta baya domin yaudarar manhaja kuwa ta saɓa wa yarjejeniyar da suka amince da ita, tana rikita kwanan watan da ke kan fayiloli, kuma ba ta tasiri a kan manhajojin da suke tabbatar da rana ta intanet.

Ɓangare na biyu na cinikin shi ne shaida, kuma tushensa shi ne cewa mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Masanin nan na jami'ar MIT, Eric von Hippel, ya nuna tun a 1986 cewa a sana'o'i da dama akwai wasu masu amfani da suke cin karo da buƙata tun kafin sauran jama'a su ji ta, kuma sau da yawa su ne suke fara ƙirƙiro maganinta, don haka kamfanin da ya saurare su yana hango kasuwar gobe. Kamfanin Adobe ya bi irin wannan hanya da manhajar gyaran hotuna ta Lightroom, wadda ya saki don gwajin jama'a a watan Janairun 2006, da farko ga masu kwamfutar Mac kaɗai sannan ga masu Windows, ya yi ta sabunta ta zubi bayan zubi har ya fitar da cikakkiyarta a watan Fabrairun 2007, bayan dubban ɗaruruwan masu ɗaukar hoto sun gwada ta. Amfanin wannan jinkiri shi ne icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, domin sauya tsarin manhaja kafin ta shiga kasuwa ya fi sauƙi da arha nesa ba kusa ba a kan sauya shi bayan miliyoyin mutane sun saba da shi.

Hanyoyin tattara shaidar suna da yawa, kuma kowacce tana da abin da take gani da abin da yake kuɓuce mata. Takardar tambayoyi tana isa ga mutane masu yawa amma amsoshinta gajeru ne. Rahoton da manhaja take aikawa da kanta idan ta tsaya cak yana nuna inda ta faɗi amma ba ya faɗin abin da mutumin yake ƙoƙarin yi. Ƙididdigar amfani, wato lissafin sau nawa aka danna kowane maɓalli, tana iya nuna cewa ba a taɓa wani maɓalli, sai dai ba ta bayyana ko ba a buƙatarsa ne ko kuwa ba a ganinsa. Shi ya sa masana suke fifita zama kusa da mutum a kalle shi yana aiki, domin gani ya kori ji, kuma sau da yawa wanda ya ce komai lafiya lau za a ga ya shafe mintoci yana laluben abu guda. Jakob Nielsen, masanin sauƙin amfani da manhaja ɗan asalin ƙasar Denmak, ya bayyana a shekarar 2000 cewa kallon mutum biyar suna aiki yana iya bankaɗo kusan kashi 85 cikin ɗari na matsalolin amfani, amma ya gindaya sharaɗin cewa idan masu amfanin sun kasu rukuni-rukuni masu bambancin yanayi, to kowane rukuni yana buƙatar nasa wakilan.

Wannan sharaɗi ne ya sa batun ya shafi ƙasar Hausa kai tsaye. Idan mafi yawan masu gwaji suna zaune ne a wuraren da wutar lantarki ba ta ɗaukewa, intanet ba ya yankewa, kwamfutocinsu kuma sababbi ne masu ƙarfi, to manhajar da za ta fito za ta zama an ɗinka ta daidai jikinsu. Ɗalibin zanen gini a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ko mai tsara fastoci a wata maɗaba'a a Kano ko Maraɗi, wanda yake aiki da tsohuwar kwamfuta, yana lissafin data, yana kuma sa ran wuta za ta iya ɗaukewa a tsakiyar aiki, yana da tambayoyin da waɗancan masu gwaji ba za su taɓa yi ba: shin manhajar tana ajiye aiki da kanta kafin batir ya mutu, shin tana buɗewa idan babu intanet, shin saukar da sabon zubi zai cinye datar wata guda? Haka kuma batun rubutu, domin haruffa masu ƙugiya na Hausa, wato ɓ da ɗ da ƙ, da kuma ƴ da ake amfani da shi a Nijar, ba kowane salon rubutu ne yake ɗauke da su ba, balle ajami da ake rubutawa daga dama zuwa hagu da wasulansa na musamman. Maƙerin da ke Amurka ko Turai ba lallai ne ya bar su a baya da gangan ba, amma yoyon da ba a nuna masa ba, ba zai toshe shi ba.

Shaida kuwa tana da ladubbanta, kuma cewa manhaja ba ta da kyau ko ta ƙi aiki ba ya taimakon kowa. Rahoto mai amfani yana faɗin abin da aka yi mataki-mataki, da abin da aka sa ran gani, da abin da ya faru a zahiri, da lambar zubin manhajar da irin kwamfutar, da kuma ko matsalar tana maimaituwa duk lokacin da aka bi waɗannan matakai. Mai tsara fasta, alal misali, zai rubuta cewa ya buga kalmar ƙasa a kan shafi, ta fito daidai a fuskar kwamfuta, amma da ya fitar da aikin zuwa PDF sai harafin farko ya koma akwati marar komai, ya gwada sau uku sakamakon bai sauya ba, ga kuma hoton fuskar kwamfutar da ƙaramin fayil na misali. Zai kuma ƙara bayanin da maƙerin ba zai sani ba, cewa maye gurbin harafin da k ba mafita ba ce, domin ƙasa daban kasa daban, kamar yadda ƙafa ta bambanta da kafa. Irin wannan rahoto yana ba injiniya damar ganin matsalar da idonsa cikin mintoci, kuma matsalar da aka iya maimaitawa an yi rabin gyaranta.

Shi ma kamfani yana da nauyin da bai kamata a sassauta masa ba, tunda aikin da masu gwaji suke yi masa aiki ne mai daraja wanda ba ya biyansu. Wajibi ne ya bayyana ranar ƙarewa ɓaro-ɓaro tun farko, ya yi gargaɗi kafin ta zo, ya bar ƙofar fitar da aiki a buɗe, sannan ya sanar da mutane abin da ya yi da shawarwarinsu, ko da amsar ita ce an duba ba a ɗauka ba, domin wanda ya yi magana sau biyu ba a amsa masa ba zai ja bakinsa ya yi shiru. Wajibi ne kuma ya faɗi irin bayanan da manhajar take kwasa da inda take kai su, abin da dokar kare bayanai ta Tarayyar Turai da ta fara aiki a watan Mayun 2018, da dokar kare bayanai ta Nijeriya ta 2023, suka ƙarfafa game da bayanan da suka shafi mutane. Mai gwaji ma ya kamata ya karanta yarjejeniyar kafin ya amince, domin galibi tana ba kamfani damar amfani da shawarwarinsa ba tare da biya ba, kuma taswirar gidan wanda ya ba shi aiki amana ce da bai dace ya ɗora a rumbun wani kamfani ba tare da izinin mai ita ba.

Akwai damar da sassan koyar da injiniyanci da zanen gini a jami'o'i da kwalejojin fasaha za su iya amfana da ita a nan, ta hanyar sanya gwajin irin waɗannan manhajoji da rubuta rahoto a kansu cikin ayyukan ɗalibai, domin ɗalibin da ya koyi bayyana matsala dalla-dalla ya koyi abin da zai yi masa amfani a filin gini da masana'anta, kuma rahotanni masu yawa daga yanki guda a kan matsala guda sun fi murya ɗaya nauyi, tunda hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Kwanakin gwaji su ne lokacin da ƙofar maƙera take buɗe, ƙarfe yana da zafi, ana kuma tambayar mai gona irin fartanyar da za ta dace da hannunsa. Wanda ya karɓi aron ya yi aiki da shi ya mayar ba tare da ya ce uffan ba, zai tarar da kayan a kasuwa an ƙera su bisa awon wasu, kuma a lokacin kuɗi zai biya ya saye su yadda suke.